Gaurakin Malam Tambaya

Ranar da aka raba gadon Malam Tambaya babu wanda ya ɗaga murya, har yau mutanen ƙauyen nan na gefen Bunkure suna ba da misali da ita. Magada biyu ne kacal, Saliha da ƙanenta Amiru, don mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa. Malamai suka zauna a zaure, aka auna gonar bakin kanal da igiya, aka haɗa da injin ban ruwa da tumaki da buhunan shinkafa shanshera. Aka ba namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, kamar yadda shari'a ta ce. Har an ɗaga hannu za a shafa fatiha sai wani ya leƙa tsakar gida ya ce, to gaurakin fa?

Gauraki biyu ne, mace da namiji. Macen, Malam Tambaya ne ya tsince ta tana ɗan tsako a cikin shinkafarsa, tun Saliha ba ta yi aure ba. Namijin kuwa wani abokinsa Bafulatani ne ya kawo masa daga baya. Malam Tambaya ya sa musu suna Ango da Amarya, sunan ya bi su har suka tsufa, ana ta tsokanarsa wai a gidansa ne kaɗai amarci ba ya ƙarewa. Kullum da asuba Ango zai miƙe wuya ya saki kuka, Amarya ta karɓe tun bai sauke ba, har mai sauraro ya kasa gane inda muryar wannan ta tsaya ta waccan ta fara. Da damina kuma su buɗe fukafukai su yi ta tsalle a tsakar gida suna rusuna wa juna, tukkun nan nasu mai ruwan zinariya yana karkaɗawa. Saliha ce mai kamo musu fara tun tana budurwa.

Babban malamin ya gyara zama ya ce, "Ai wannan ya zo da sauƙi. Tsuntsu biyu, magaji biyu. Namiji ya ɗauki namiji, mace ta ɗauki mace, a cika wa Amiru da tunkiya."

Aka yi dariya, kowa ya yaba da hikimar Malam. Mutanenmu ke nan. Sun iya raba garke, sun iya raba ruwan kanal tsakanin gonaki ba tare da an zare wa juna ido ba, shi ya sa suka ɗauka duk abin da ke da ƙafa ana iya kora shi gida biyu. Ita kanta Saliha da ta fi kowa sanin tsuntsayen ba ta ga aibun rabon ba, murna ma take yi ta samu abin tunawa da Baba. Ta naɗe Amarya a zane ta kai ta gidan mijinta Malam Mustapha, can ɗaya gefen gari.

Amiru a Kano yake, yana tuƙa adaidaita sahu, yana zaune a gidan haya. Ango ya isa birni bai san an canza gari ba, da asuba ya ɗaga murya kamar yadda ya saba. Maƙwabta suka yi haƙuri na ɗan lokaci, daga nan suka kai ƙara wurin mai gida, mai gida ya ce ko tsuntsu ko ɗaki. Amiru ya rasa tudun dafawa, ya ɗauki Ango ya kai shi gidan zoo ya ba su kyauta. Bai gaya wa yayarsa ba, a bakin matarsa ta ji a wurin wani suna. Tun daga ranar gaisuwar wayarsu ta koma ina kwana, ya yara, sai an jima.

Ita kuwa Amarya, da farko kullum da asuba takan yi nata rabin kukan ta tsaya tana saurare. Da ta gaji ta daina. Saliha sana'arta turara shinkafa, don haka tsaki ba ya yanke mata a gida, amma ta zuba ta zuba, kaji ne ke cin riba. Ta sa aka kamo fara, ta aika garin Kura aka sayo maganin kaji, ta jiƙa sassaƙe, duk a banza. Kafin damina ta yi nisa Amarya ta koma tsayuwa a bayan rumbu da ƙafa ɗaya, tukkunta ya kwanta, in ka taɓa ƙirjinta ƙashi kawai za ka ji.

Abin ya tsaya wa Saliha a rai. Gidan Baba an kulle shi, ciyawa ta cinye tsakar gidan. Gonar da ta gada mijinta ke nomawa, kuma gona ba ta san mai ita ba. A duk abin da ya bari, Amarya ce kaɗai mai numfashi da ta san muryarsa, ta ci a tafinsa. Saliha tana kewar mahaifinta ƙwarai, kewar da ba ta iya faɗa wa kowa saboda an ce mata ta yi haƙuri ta kuma amsa. Ta san in tsuntsuwar nan ta mutu a hannunta, sai ta sake wani zaman makokin ita kaɗai.

Wata safiya tana juya shinkafa a tukunya, rediyonta na gefen murhu ya kawo sanarwa. Gidan zoo na birni zai yi makon tsuntsaye, kamar yadda yake yi kowace damina idan 'yan makaranta sun samu hutu. A kawo yara su ga jimina da ɗawisu, su ga rawar gauraki, don yanzu ne lokacinta. Saliha ta ajiye muciya. Ashe Ango yana can yana rawa, matarsa tana nan tana mutuwa?

Da Malam Mustapha ya dawo daga gona ta tare shi da maganar tun bai wanke ƙafa ba.

"Malam, ina so ka bar ni in je Kano gobe. Ango zan ɗauko."

"Yanzu a kan tsuntsu za ki bar shinkafar mutane a jiƙe ki tafi birni?"

"Zan shanya ta kafin in fita. Ai na gidanmu ne, aro suka yi."

Ya dube ta, ya dubi bayan rumbu, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ta ɗauki tsohon zane na naɗe tsuntsu, ta ɗauki safar mijinta guda da za ta rufe wa Ango kai da ita yadda Baba yake yi in zai kai su wani wuri, ta ƙulle tsaki a leda. Ko kusa ba ta kawo a ranta za ta dawo hannu rabbana ba.

Ta hau babur zuwa bakin titi ta shiga motar Kano. Hagu da dama shinkafa ce kore shar, balbelu suna bin masu cira. Ta tuna Baba yana cewa kafin a haƙa kanal, gauraki garke-garke suke sauka a fadamar nan, har sai an sa masu kora. Ita dai tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin na daji ba.

Ƙofar gidan zoo ta cika maƙil. Masu rake, masu gurasa, masu balan-balan, ga malaman makaranta suna ta ƙirga kawunan yara suna rasa ɗaya. Ta yanki tikiti ta shiga. Ta wuce zaki yana barci ya juya wa jama'a baya, ta wuce birai da ke miƙo hannu kamar sun ba mutum ajiya. Wani mai lasifika yana ta bayani, wai da sallah zaki da giwa ne ke da jama'a, amma wannan makon na masu fukafuki ne, kowa ya nufi wajen kejin gauraki. Ta bi ayarin yaran.

Keji ne babba na waya, da ɗan tafki a tsakiya da ciyawa. Wani ma'aikaci mai koren kaya ya watsa hatsi, sai ga gauraki sun taso. Ɗaya ya tsinci kara ya wurga sama ya daka tsalle, sauran suka ɗauka, fukafukai a buɗe, suna rusunawa suna zagaya juna. Yara suka kaure da ihu, wayoyi suka tashi sama. Saliha ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, babu Ango a cikin masu rawar.

Can ƙurya ta hango shi, jikin waya, ya juya wa tafkin baya. Ta gane shi da ɗan yatsan da ya karkace tun yana ƙarami. Ta kutsa ta zagaya ta wajen, ta durƙusa, ta yi masa ɗan kiran da Baba yake yi da harshe. Ango ya ɗago kai. Ya tako a hankali har gabanta, amma ba ita yake kallo ba, bayanta yake leƙe. Ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu. Da ya ga ita kaɗai ce ya koma inda ya fito.

Nan ta ji duk haushin da ta taho da shi ya zube. Ta jira jama'a suka ragu, ta tari ma'aikacin nan, wani mai furfura a gemu da ta ji ana kira Sagiru. Ta gaishe shi, ta zayyana masa komai tun daga rabon gado, ta zaro zane da safa ta nuna masa don ya san da shirinta ta zo.

Sagiru bai yi dariya ba, ko da yake safar ta so ta ba shi. Ya ce, "Hajiya, wallahi na tausaya miki. Tun da aka kawo shi bai kula kowa ba, ci ma sai mun ware masa nasa. Amma tsuntsun da ya shigo nan ya zama amanar hukuma. Irinsu sun kusa ƙarewa a daji, ba ni da ikon ba ki shi, wanda ke sama da ni ma ba shi da shi."

"Na ubana ne fa."

"Na yarda. Amma mai shi ne ya kawo da hannunsa." Ya dubi inda Ango yake. "In kina so ta rayu, ki kawo ta. Wuri muna da shi, likita muna da shi."

Saliha ta miƙe tsaye ta gyara mayafi. "Na zo karɓar ɗaya, ka ce in ƙaro muku ɗaya? Lallai birni!"

Ta koma gindin wata bishiya ta kira Amiru, ta ce duk abin da yake yi ya bari ya same ta a gidan zoo. Ya iso da gumi, makullin mashin a hannu, ya durƙusa ya gaishe ta. Ba ta bari ya kai ƙarshen gaisuwar ba ta sauke masa kwandon da ta daɗe tana ɗauke da shi. Abin Baba, a rasa inda za a kai shi sai inda ake biya a kalla? Hanyar Bunkure ta ɓace masa ne? Da ya maido mata, ai da tana da wurin ajiye biyu.

Amiru ya sunkuyar da kai. "Kunya ce ta hana ni, Yaya. Ni na karɓe shi da hannuna a gaban malamai. In dawo da shi ban yi wata biyu ba, a ce ɗan Malam Tambaya ya kasa riƙe tsuntsu?" Ya share fuska da hularsa. "Kin san duk Juma'a ina zuwa nan? In tsaya in yi ta kallonsa. Ko sau ɗaya bai yi kuka na ji ba."

Ba ta san da wannan ba. Ta dubi ƙanen nata, ta ga shi ma ya rame, ta ga goshin Baba sak a fuskarsa. Ta bar faɗan a nan. Ya kai ta tasha, da za ta shiga mota ya ce in ta yanke shawara ta kira shi, ta ce babu shawarar da za ta yanke.

Ta dawo gida ta ci gaba da abin da ta san ba ya aiki. Ta buɗe bakin Amarya ta ɗura mata kunu, ta maido ta kusa da ƙofar ɗakinta. Maƙwabciyarta ta ba ta shawara ta ajiye mata madubi, aka jingina madubi a bango, Amarya ta dube shi sau ɗaya ta kau da kai. Malam Mustapha bai sa baki ba, illa wata rana da ya tarar da ita zaune gaban tsuntsuwar ya ce, "Saliha, sabo ake yi wa kuka. Amma ki duba ki ga ku biyun nan wa ya fi wani sabo da wa." Ta yi kamar ba ta ji ba.

Ranar da abin ya yanke, ruwa ne ya kwana yana zuba, gari ya waye fes, ƙasa tana ƙamshi. Irin safiyar da gidan Baba yake kacamewa da rawa ke nan. Saliha ta fito hura wuta, sai ta ga Amarya ta taka tsakiyar gida da ƙyar, ta miƙe wuya, ta saki kuka guda ɗaya, siriri, a dishe. Ta karkata kai tana jira. Saliha ta tsinci kanta ita ma a tsaye da itace a hannu, ta riƙe numfashi, tana jiran amsa daga inda babu kowa. Kaji suka ci gaba da tononsu. Ta ajiye itacen ta shiga ɗaki ta ɗauko waya.

Amiru ya iso kafin azahar, adaidaitarsa duk taɓo. Su biyu suka naɗe Amarya a zane, suka lanƙwasa dogayen ƙafafun a hankali, suka zura mata safa a kai. Ba ta ko yi motsin ƙi ba. Saliha ta rungume ta a baya, duk ramin da suka faɗa sai ta ce, "Amiru, a hankali mana, ba buhu ka ɗauko ba." Tsawon hanya tana jin bugun zuciyar tsuntsuwar a jikin hannunta, tana addu'a Allah ya sa su isa da ita da rai.

Ranar ce ta ƙarshe a makon tsuntsaye, jama'a sun fara watsewa. Sagiru ya gan su tun daga nesa ya taho da sauri. Ya ce ba za a haɗa ta da sauran yau ba, sai likita ya duba ta ta ɗan murmure, amma akwai ƙaramin keji da waya ɗaya ce ta raba shi da babban. Ya bar Saliha ta shiga da ita da kanta. Ta durƙusa ta warware zanen, ta zare safar, ta gyara mata tukku da yatsa. Ta so ta yi mata magana, ta rasa me ake ce wa tsuntsu, sai ta ce, "To, ga shi nan."

Amarya ta miƙe tana tangaɗi. Ta tsaya tana ƙifta ido a cikin haske. Daga can ƙuryar babban kejin wani abu ya motsa, sai ga Ango ya taho da gudu, fukafukai a buɗe, ya ratsa ta cikin tafki yana fantsama ruwa, har ya bangaji waya. Ya tsaya. Ta tako ta tsaya. Suka zura baki ta ramin waya suna taɓa juna, shi yana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Babu rawa, ita ba ta da ƙarfinta. Sagiru ya turo kwanon hatsi jikin wayar ta ɓangaren Ango, ya tura wani ta nata ɓangaren. Ango ya sa baki. Amarya ta dube shi, ta sunkuya ta tsinci ƙwaya ɗaya, ta ƙara.

Saliha ta fito aka rufe ƙofa. Ta tsaya a waje cikin sauran 'yan kallo, ta riƙe zanenta a ninke. Abin da ta roƙa ke nan, Allah ya ba ta, kuma daɗin da ta ji bai hana ƙirjinta yin nauyi ba. Sagiru ya ce duk ranar da ta zo ta neme shi. Ta yi godiya, ta san tsakanin Bunkure da nan ba ƙofar gida ba ce, kuma mai shinkafa a wuta ba ta yawo.

Yamma ta yi, Amiru ya ce su kama hanya kada duhu ya same su. Suka fito ta gaban zaki, suka ratsa masu rake suna tattara kaya. Ta shiga baya ta zauna, hannuwanta ba su san inda za su sa kansu ba. Amiru ya tayar da mashin, ya fara juya kai zai hau titi.

Sai kukan ya taso daga cikin gidan, ya tsallako katanga, ya ratso hayaniyar motoci. Murya ɗaya mai kauri, wata siririya ta karɓe tun ba ta sauka ba. Suka sake. Suka kuma sakewa.

Saliha ta dafa kafaɗar ƙanenta. "Kashe, Amiru."

Ya kashe. Na bayansu ya yi ta danna ham, ya gaji ya kewaye su yana masifa. Wata mata ta leƙo ta tambaya ko Sabon Gari za shi, bai ma ji ta ba. Ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa. Saliha ta ja mayafi ta rufe fuska, hawaye suna bin hannunta, ta kasa kunne.

"Yaya," ya ce, bai ɗago ba, "dare zai yi mana."

"Bari su gama tukuna."